Ladan Kuturu A Ɗakin Sharhin Kurket

A shagon aski na koyi kurket. Mai shagon ɗan asalin Pakistan ne, dattijo, a unguwarmu ta Birmingham, kuma idan bazarar Ingila ta kama talabijin ɗinsa ba ya nuna komai sai wannan wasa. Da farko haushi nake ji, don ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun daga gidajen kallo na Kano. Sai ya riƙa tsayar da injin aski a kan ƙeyata yana nuna mini: ga mai jifa, ga mai bugu, ga sanduna uku da ake karewa, jifa shida ake yi a sauya gefe, wanda ya ɗaga ƙwallo ta tsallake igiya ba ta taɓa ƙasa ba, ya ci maki shida. Yau shekara tara ke nan, kuma rediyon motar hayar da nake tuƙawa ba ya barin tashar kurket.

Babban wasan kurket kwana biyar ake yi, kusan awa shida kullum. Mai sharhin ƙwallon ƙafa yana iya ɓoye zuciyarsa na minti casa'in. Wanda zai yi awa talatin yana magana kuwa, ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi. Shi ya sa gardamar wane ne yake da son kai a cikin masu sharhi ba ta ƙarewa a shagon nan.

Ni dai abin da ya daidaita mini tunani ya faru ranar 14 ga Yuli, 2019, wasan ƙarshe na Kofin Duniya a filin Lord's da ke Landan. Ingila 241, New Zealand 241. Aka ƙara jifa shida-shida, kowa ya ci 15. Ingila ta ɗauki kofi ne kawai don ta fi yawan bugun da ya kai igiya. Shagon ya cika maƙil, wani da rabin kai a aske, mayafin aski a wuya, ya miƙe tsaye bai sani ba. Wanda ke riƙe da makirufo a jifar ƙarshe Ian Smith ne, ɗan New Zealand, wanda ya yi shekaru yana tsare bayan sanduna wa ƙasarsa. Martin Guptill na New Zealand yana gudu, Jason Roy na Ingila ya jefo, abokin wasansa Jos Buttler ya watsa sanduna, ƙasar Smith ta faɗi a gaban idonsa. Amma muryarsa ta tashi sama, ya sanar da nasarar Ingila da iyakar ƙarfinsa, yana cewa da ƙyar da siɗin goshi aka ci. Mai shago ya juyo ya ce mini, "Ɗan'uwa, ka ji wannan? Cikinsa na kuka, bakinsa na aiki." Ban manta ba.

Tun ranar na daina tambayar ko mai sharhi yana son ƙasarsa. Kowa na son tasa. Ian Bishop ɗan Trinidad ne, kuma lokacin da Carlos Brathwaite ya zuba wa Ben Stokes na Ingila maki shida-shida har sau huɗu a jere a Kolkata a 2016, ya ci wa West Indies kofi, ihun da Bishop ya yi na murna ne tsantsa. Ban ga laifinsa ba, don abin ihun ne ya faru.

Mu ma ai mun saba da wannan a gida. Ina yaro Kawu yakan kai ni gidan dambe a Sabon Gari. Kowane ɓangare da mutanensa, Kudu, Arewa, Guramada. Makaɗi na wasa ɗan dambensa, sanƙira na zuba kirari, ba wanda yake tsammanin mai kalangu zai yabi abokin karawar ubangidansa. Kowa ya san na wane ne shi. Amma idan aka shiga turmi aka yi kisa, hannu ya taɓa ƙasa a gaban jama'a, babu kirarin da zai tashe shi. Wannan son kai ne a fili, ba ya yaudarar kowa. Bill Lawry, tsohon mai sharhin tashar Channel Nine ta Ostireliya, irin wannan ne. Da ka ji muryarsa ka san inda ya dosa, kuma masu saurare sun ɗauke shi a haka.

Abin da ke damuna daban ne, shi ne bakin da aka saya.

A watan Maris na 2016 Indiya ta doke Bangladesh da maki ɗaya tal a Bangalore. Bayan wasan Amitabh Bachchan, wanda duk Bahaushen da ya taso da fim ɗin Indiya ya san shi, ya rubuta a Twitter cewa ya kamata masu sharhi 'yan Indiya su fi yin magana a kan 'yan wasansu maimakon na wasu. Kyaftin ɗin Indiya na lokacin, MS Dhoni, ya sake yaɗa rubutun, ya ce ba shi da abin ƙarawa. Ba a ambaci suna ba, amma ido ya koma kan mai sharhi Harsha Bhogle, ɗan Indiya. Shi kuma ya fito ya yi bayani cikin ladabi, cewa sharhin Turancin nan duniya duka ke saurare, har da mutanen Dhaka, don haka ba zai zama na Indiya kaɗai ba. 'Yan makonni kaɗan, IPL, babbar gasar ƙungiyoyin kurket ta Indiya, na shirin farawa, hukumar kurket ta Indiya ta cire shi daga jerin masu sharhi, ba ta kuma bayyana dalili ba. Daga baya ya dawo. Amma duk wani matashi da ke zaune a ɗakin sharhi ya ga abin da ya samu mutumin da ya shafe sama da shekara ashirin a aikin. Mai sharhi Sanjay Manjrekar ma, da ya raina ɗan wasan Indiya Ravindra Jadeja a 2019 aka yi ta cece-kuce, a 2020 ya tsinci kansa a waje.

Gindin matsalar shi ne hukumar da ke zaɓen 'yan wasa ita ce ke ɗaukar masu sharhi a wasannin da take shiryawa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ta yaya mutum zai ce an yi kuskure wajen zaɓen tawaga alhali wanda ya yi zaɓen ne zai sa hannu a kwantiraginsa na baɗi? Ba sai an ce masa ya yi shiru ba, da kansa zai koma yabon kyawun fili da yawan 'yan kallo. Mu da muka taso da gidajen rediyon gwamnatin jiha mun san wannan muryar, wadda komai lafiya lau ne a wurinta ko da ƙungiyar gida ta yi wata uku ba albashi.

Kada a ɗauka Indiya kaɗai nake nufi. Turawan Ingila suna da nasu, kuma ya fi wuyar kamawa don a cikin zaɓen kalma yake. A 2015 a Nottingham, Stuart Broad, mai jifar Ingila, ya fitar da masu bugu 8 daga wasa, maki 15 kacal aka ci a kansa, Ostireliya ta ƙare da maki 60 kafin a tafi cin abincin rana. Fili mai ciyawa, sama da hadari, ƙwallo na lanƙwasa a iska. Aka ce gwaninta ce, kuma gwanintar ce. A 2021 a Ahmedabad, fili busasshe, ƙwallo na juyawa a ƙasa, aka gama da Ingila cikin kwana biyu. Nan take wasu tsofaffin 'yan wasan Ingila suka ce filin ne bai dace da babban wasa ba. Wato idan ƙasar ta taimaki masu jifarsu, dabara ce. Idan ta taimaki na wasu, maguɗi. Mai shagonmu, duk da ba ya ƙaunar tawagar Indiya ko kaɗan, ranar sai da ya kashe murya ya bar hoto.

Abin da na yaba wa shirin rediyon BBC na Test Match Special, wanda ake yi tun 1957, shi ne al'adar gayyato mai sharhi daga ƙasar baƙi. Idan Ostireliya ta zo za ka ji nata Jim Maxwell kusa da Jonathan Agnew na Ingila. Marigayi Tony Cozier na Barbados ya yi shekaru yana zama a kujerar nan idan West Indies ta zo. Mutum ba ya sakin baki yadda ya ga dama idan ɗan garin da yake magana a kai na zaune a gefensa. Da ma gidajen rediyonmu za su gwada haka ranar da Kano Pillars ta karɓi Enyimba.

Richie Benaud ban riske shi sosai ba, ya rasu a 2015, amma na nemi tsofaffin hotunansa na kalla. Tsohon kyaftin ɗin Ostireliya ne, kuma an san shi da guje wa kalmar "mu" a sharhi. A 1981 a Melbourne, New Zealand na neman maki shida a jifar ƙarshe don a yi canjaras, sai Greg Chappell, kyaftin ɗin Ostireliya, ya umarci ƙaninsa Trevor ya gangaro ƙwallon a ƙasa yadda ba za ta bugu sama ba. Doka ba ta hana ba a lokacin. Benaud ya fuskanci kyamara a tashar ƙasarsa ya ce abin kunya ne, yana cikin mafi munin abin da ya taɓa gani a filin kurket.

Gwanina dai Michael Holding ne, ɗan Jamaika, mai murya a hankali kamar ba shi ne ya fitar da mutum 249 a manyan wasanni 60 ba. A Kofin Duniya na 2019, West Indies da Ostireliya, Mitchell Starc, mai jifar Ostireliya, ya taka layi fiye da kima alƙali bai gani ba, a jifa ta gaba kuma aka fitar da Chris Gayle na West Indies, alhali da an kama laifin farko ba za a iya fitar da shi ta wannan hanya ba. Holding ya ce alƙalancin ranar ya yi muni ƙwarai. Kamfanin da ke ɗaukar hoton gasar a madadin hukumar kurket ta duniya ya aiko masa saƙo a sassauta suka. Ya mayar musu da cewa ana neman toshe bakin masu sharhi, shi kuma ba zai bi wannan hanya ba, idan ba sa so su faɗa masa ya koma gida. Wani zai ce ai don 'yan yankinsa aka cuta ne. To, hoton yana nan, ƙafar Starc ta wuce layi, kowa ya gani. Ko don wa ya faɗa, abin da ya faɗa haka yake.

Ya ajiye makirufo a 2021. Har yanzu idan ina tuƙi a kan titin Pershore kusa da filin Edgbaston, alƙali ya yi kuskure a rediyo, nakan ƙara murya in saurara ko a cikinsu akwai wanda zai kira shi kuskure kafin a tafi labarin yanayi.