Fafutukar 'yancin mata ba a Facebook ta fara ba

Da zarar mace ta yi maganar haƙƙin mata a intanet, sai a ce ai aƙidar Turawa ce ta shigo mana ta waya. Masu faɗin haka sun manta da Hajiya Gambo Sawaba. Tun shekarun 1950 take hawa dandamalin jam'iyyar NEPU a Zariya da Kano, tana sukar auren wuri da aikin tilas, tana neman a bai wa mata ƙuri'a. Ta sha duka, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, an ɗaure ta sau 16. Matan kudu tun kafin samun 'yancin kai suke zaɓe, amma na Arewa sai 1976 aka ba su wannan dama, a zaɓen ƙananan hukumomi.