An cire buhun, an ce adalci aka yi

Masu bibiyar gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗaliban sakandare da ƙungiyar FIRST ke shiryawa a Amurka sun san cewa tun daga kakar 2020 aka soke ranar ajiye kayan aiki, wato ranar da ake tilasta wa kowace tawaga ta saka na'urarta a cikin katon buhun leda, ta ɗaure bakinsa da makulli mai lamba, kada wanda ya sake taɓa ta sai a filin gasa. Annobar korona ta katse wannan kaka a watan Maris, ta kuma hana a yi gasar fuska da fuska yadda aka saba a 2021, don haka sai daga 2022 aka fara ganin ainihin abin da sauyin ya haifar. An gani kuwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda har yanzu, duk Janairu, ake samun masu tashi suna yaba wannan mataki da sunan an yi wa makarantun talakawa adalci, alhali ana maganin ƙaba ne kai yana kumbura.

Tsarin da aka rushe ba mai wuyar fahimta ba ne. A wata Asabar ta farkon Janairu ake bayyana wasan shekara ga dukan tawagogi a lokaci guda, kuma daga wannan rana yara suna da makonni shida da 'yan kwanaki su zana, su yanka ƙarfe, su haɗa waya, su rubuta umarnin kwamfuta, har su fito da na'ura mai nauyin sama da kilo 50 wadda za ta shiga fili ta yi aiki tare da wasu biyu a kan wasu uku. Wasan kansa yana sauyawa duk shekara. A 2024 zoben soso ake harbawa cikin rami, a 2025 kuma guntayen bututu ake ratayawa a kan rassa, sannan na'urar ta ɗaga kanta sama kafin a tashi. A daƙiƙun farko na kowane zagaye babu mai riƙe da linzami, na'urar ce ke tafiyar da kanta bisa abin da yaran suka rubuta mata. A tsohon tsarin, duk irin wannan aiki a cikin makonni shida ake shirya shi, kuma ƙarancin lokacin shi ne babban malamin da ke cikin shirin, domin shi ke koya wa yaro ɗan shekara goma sha shida cewa ba kowace dabara mai kyau ce za ta samu shiga ba, dole a zaɓi abu biyu ko uku a yi su da kyau a bar sauran. Telan da ya karɓi ɗinkin sallah ya san ranar idi ba ta matsawa saboda shi, kuma wannan sanin ne ke sa shi ya auna abin da zai iya kafin ya sa almakashi.

Hujjar masu goyon bayan sokewar ita ce tawagogi masu kuɗi sun daɗe suna kewaye dokar buhun. Suna ƙera na'ura biyu iri ɗaya, su rufe ɗaya, su ci gaba da atisaye da gyare-gyare a kan ɗayar, sannan su shiga gasa da sassan da suka inganta, tunda doka ta yarda a shigo da wani adadi na kayan da ba a rufe ba. Tawagar da ba ta da kuɗin na'ura ta biyu kuwa sai ta zauna tana kallon buhu. Wannan gaskiya ne, babu mai musu. Amma maganin mai kewaye doka ai toshe kafar da yake bi ne, su kuwa sai suka ɗauke dokar gaba ɗaya, suka ce yanzu kowa ya yi daidai da kowa.

To a duba wa ke da halin cin moriyar wannan ƙarin lokaci. Gasannin yanki suna farawa ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, babbar gasa kuma a birnin Houston ake yin ta cikin Afrilu. Ke nan zangon ƙira da ya kasance makonni shida ya koma wata uku da ɗoriya ga duk wanda ke son ya yi abin kirki. Tawagar da ke da ɗakin aiki nata na kanta, da injinan yankan ƙarfe masu aiki da kwamfuta, da injiniyoyin manyan kamfanoni da ke zuwa kullum da yamma, za ta iya kallon gasar makon farko, ta ga abin da ya yi aiki a hannun wasu, ta wargaza rabin na'urarta ta sake ƙerawa kafin mako na huɗu. Tawagar da malamin kimiyya guda ɗaya ke riƙe da ita, wanda ke buɗe ajinsa bayan an tashi ba tare da an ƙara masa sisi ba, kuma yana da iyalin da ke jiransa a gida, me za ta yi da ƙarin makonni takwas? Ɗalibanta da yawa suna aikin yamma don taimakon gida, wasu kuma idan motar makaranta ta tafi ba su da abin hawa. A da, wahalar tana da ranar ƙarewa da kowa ya sani, malami ya iya roƙon matarsa da shugaban makaranta su yi haƙuri zuwa tsakiyar Fabrairu. Yanzu babu wannan rana, kuma wanda ya tsaya ya huta ya san abokan karawarsa ba su tsaya ba.

Ba a tsaya nan ba. Daga baya an cire iyakar jimillar kuɗin da tawaga za ta kashe a kan na'urarta, aka bar iyaka a kan farashin kowane kaya guda kawai. A daidai wannan lokaci ne kuma tsarin ƙafafu huɗu masu juyawa kowace da kanta, wanda ke ba na'ura damar tafiya ta kowace fuska ba tare da ta juya jiki ba, ya zama abin da kusan duk mai son kaiwa nesa yake saya, kuma saiti ɗaya da injinansa yana haura dala 2,000. Kuɗin rajista kaɗai ya kai wajen dala 6,000 a kakar 2024, ban da mota da masauki da abinci. Tawaga mai lamba 254 ta wata makarantar kuɗi da ke San Jose a jihar Kalifoniya, wadda cibiyar Ames ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke tallafa wa, ta ci gasar duniya a 2011 da 2014 da 2017 da 2018 lokacin da ake rufe buhu, ta sake ci a 2022 bayan an daina. Ban ga laifin yaranta ba, aikinsu yana da kyau ƙwarai, amma duk mai cewa cire buhu ya daidaita fili sai ya nuna mana inda ya daidaita.

Ɓarnar da ta fi damuna tana wajen hidimar al'umma, wadda FIRST ke ba wa muhimmanci sosai. Tun da Dean Kamen ya kafa ƙungiyar a 1989, aka yi gasar farko a 1992 da tawagogi 28 a ɗakin wasannin wata makaranta a Manchester ta jihar New Hampshire, abin da ake nanatawa shi ne ana amfani da na'urar ne don a gina yara, kuma marigayi Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT ya shafe shekaru yana koya musu cewa ka yi gasa da mutum da dukan ƙarfinka amma ka ara masa kayan aiki idan nasa ya karye. Shi ya sa lambar yabo mafi daraja a gasar, wadda aka sani da kambun shugaba kafin a sauya mata suna zuwa kambun tasiri daga kakar 2023, ba ta kallon wanda ya fi cin maki a fili, tana kallon abin da tawaga ta yi wa garinta. Sai dai yaran da ke ƙera na'urar su ne dai za su je makarantun firamare su koyar, su ne za su zauna da ƙannensu masu gasar ƙera ƙananan na'urori da kayan wasan LEGO, kuma awoyin da ke cikin mako ba su ƙaru ba. Idan ƙira ta cinye Janairu zuwa Afrilu, hidimar sai ta koma hannun 'yan tsirarun da aka ware don rubuta rahoto, kuma daga nan ne take rikiɗewa ta zama lissafi.

Lissafin kuwa ya yi yawa. Tawaga za ta kai na'urarta bikin gari, ta ajiye ta a kan tebur na awa uku, duk wanda ya gifta ya waiga a ƙirga shi cikin dubban da aka ce an wayar wa kai. Har ta kai FIRST da kanta ta fitar da ma'anar kowace kalma, mene ne kafa tawaga, mene ne horar da ita, mene ne tallafa mata kawai, tare da takardar da za a cike a kawo shaida. Ba a kafa irin wannan shinge sai an ga awaki suna shiga. Rubutun neman kambun ba ya wuce haruffa 10,000, sai 'yan mintunan da ake ba ɗalibai su yi bayani gaban alƙalai, kuma a irin wannan ƙunci lamba mai sifili da yawa ta fi saurin shiga kunne a kan labarin yara goma sha biyu da aka zauna da su duk Asabar har shekara uku. Masu cewa ko don neman kambu aka yi hidima ai an yi ta, ba su taɓa komawa sun duba akwatunan kayan da aka raba aka ɗauki hoto aka tafi ba.

Abin takaicin shi ne akwai misalan aikin gaske a cikin gidan. Tawaga mai lamba 118 ta yankin Houston, wadda ke aiki da cibiyar NASA ta Johnson, tana fitar da zanen wata na'ura mai sauƙi da araha duk shekara jim kaɗan bayan an bayyana wasa, ta sake shi kyauta ga duk mai so, yadda tawagar da ba ta da komai sai zarto da na'urar huda ƙarfe za ta iya shiga fili ta ci maki. Wannan hidima ce da ta fito daga ƙwarewar ƙira kanta, kuma ana ganin sakamakonta yana yawo a fili. Haka 'yan matan Herat na Afghanistan, waɗanda aka hana biza har sau biyu kafin a bar su su halarci gasar ƙasa da ƙasa ta FIRST Global a Washington a 2017, shekarar da tawagar Gambiya ma ta sha irin wannan wahala, lokacin korona a 2020 sun koma suna haɗa samfurin na'urar taimakon numfashi da sassan tsohuwar mota domin asibitocin ƙasarsu ba su da isassu.

Ita wannan gasa ta ƙasa da ƙasa, wadda Najeriya ma ke tura tawaga, Kamen ɗin nan ne ya kafa ta, kuma a cikinta kowace ƙasa akwatin kaya iri ɗaya ake aika mata, da shi kaɗai za ta ƙera abin da za ta zo da shi. Ke nan ba a rasa sanin yadda ake daidaita mai shi da marar shi ba. A gasar sakandaren Amurka ne kawai aka ga cewa taɓa manyan tawagogi da kamfanonin da ke sayar musu da kaya abu ne mai wuya, sai aka zaɓi abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba a ranar sanarwa.

A mayar da ranar ajiye kayan aiki, ko da ba da buhun leda ba, a hana shigowa da sassan da aka ƙera a kan na'ura ta biyu, a dawo da iyakar jimillar kuɗi. Alƙalan kambun tasiri kuma su rage sauraron adadin waɗanda aka ce an kai gare su, su riƙa tambaya ɗaya, wato cikin tawagogin da kuka ce kun kafa shekara uku da suka wuce, nawa ne suka yi rajista bana.