Lamba Ɗaya, Kore Uku: Haba Masu Fentin Ƙananan Jirage!

Kwalbar fenti ta ce lambar launinta FS 34102. Ka girgiza, ka tsinka, ka fesa a fiffiken ƙaramin jirgin yaƙi F-4 Phantom ɗin roba da ka yi makonni kana gogewa da samfefa, ya bushe, sai ga kore shar kamar ganyen alayyafo. Ɗauko kwalbar wani kamfanin mai lamba iri ɗaya, sai ta ba ka kakin soja da ya sha wanki. Ta uku duhu ya yi mata yawa har tana neman haɗewa da 34079, koren da aka yi ta don ta bambanta da shi. Wannan rainin hankali ne, kuma masu harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi sun daɗe suna haɗiye shi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne lambar nan ba shaci-faɗi ba ce. Gwamnatin Amurka ce ta fito da kundin launukan FS 595 a 1956, kowane launi da katinsa na asali da ake gwadawa da shi. Lambobi biyar ne. Ta farko tana faɗin ƙyalli: 1 mai sheƙi, 2 tsaka-tsaki, 3 marar sheƙi. Ta biyu tana faɗin dangi: 0 ruwan ƙasa, 4 kore, 5 shuɗi, 6 ruwan toka. A 2017 kundin ya koma hannun ƙungiyar injiniyoyi ta SAE da sunan AMS-STD-595, lambobin suna nan yadda suke. Wanda ya buga wannan lamba a jikin kwalba alkawari ya ɗauka. In abin da ke ciki ɗan uwan launin ne kawai, ya rubuta "makamancin", ba wanda zai kama shi da laifi. Amma a buga lamba ƙarara a zuba wani abu daban, ai cinikin biri a sama ake yi da mu.

Zanen sajewa da daji da sojan saman Amurka suka yi wa Phantom da F-105 da F-100 lokacin yaƙin Biyetnam launi huɗu ne: ruwan ƙasa 30219, kore mai duhu 34079, kore matsakaici 34102, sai toka mai haske 36622 a ƙasan jirgin. Kyan zanen duka yana tazarar da ke tsakanin koren nan biyu. Suka matso kusa da juna, jirgin ya koma launi biyu, ya yi dum kamar an tsoma shi a miyar kuka. Suka yi nisa, ya zama abin wasan yara. Shi kuwa 30219, wasu kwalaben ja ya rinjaya a cikinsu har suna kama da jan bulo, wasu kuma sun koma yashi fayau.

A nan ne ake fakewa da zancen tasirin ƙanƙanta. Gaskiya ne, jirgi na gaske da ka hango daga nesa ya fi katin launinsa haske, don haka masu gini da yawa sukan ƙara fari kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a sikelin 1/48 da 1/72, wato jirgin da aka ƙanƙanta sau 48 ko 72. Wannan zaɓin mai gini ne. To me ya sa wasu kamfanoni suke hasken nan tun daga masana'anta, su yi gum, su bar lambar asali a jiki? Mutum bai sani ba ya ƙara nasa farin a kan nasu, ya tashi da jirgi fari fat kamar ya kwana a gidan niƙa. Kuma don wane sikeli suka haskaka? Abin da ya dace da 1/72 ya yi wa 1/32 yawa. Layi ɗaya a takardar kwalba ya isa ya kashe maganar, sun ƙi rubutawa.

Takardar umarnin da ke cikin kwali ita ma ba kanwar lasa ba ce. Yawanci lambobin fentin kamfanin da suke hulɗa da shi kaɗai take kawowa, in babu launin sai a nuna maka mafi kusa, ko a ce ka haɗa kaza kashi 3 da kaza kashi 1, ba tare da faɗin launin da ake nema ba. Ɗauki Hawker Hunter na sojan saman Ingila. Samansa kore ne mai lamba 641 da toka mai lamba 638 a kundin launukan Ingila BS 381C. Ƙasansa a shekarun farko fentin azurfa ne aka fesa, ba gorar ruwa tsirara ba, daga baya aka koma toka mai haske 627. Wanda aka ce masa "azurfa" kawai zai ɗauko fenti mai walƙiya kamar sabuwar tukunya, har ya bambanta launin faranti da faranti, alhali jirgin launi ɗaya ne sumul mai ɗan dushi. Haka jiragen sojan ruwan Amurka: toka 36440 a sama da fari 17875 a ƙasa tun daga 1955, sai a farkon shekarun 1970 tokar ta koma mai sheƙi 16440. Amma takarda sai ta ba ka lamba ɗaya tak, ko jirgin na wace shekara ne. F9F Panther na yaƙin Koriya kuwa kafin a haifi FS ya yi zamaninsa, shuɗinsa mai duhu lamba 623 ne a tsohon kundin ANA. Mazaunin matuƙin yawancin jiragen F-86 Sabre na wannan yaƙin baƙi ne, tokar 36231 sai a ƙarshen 1953 aka fara umartar a yi ta, amma sai ka ga an ce ka shafa ta kan mai uwa da wabi.

Jiragen Tarayyar Sobiyat nan ne ƙarya take ƙarewa, don su ba su san wata FS ba. Shuɗi-koren nan na mazaunin MiG-21MF kowane kamfani da irin nasa, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne sahihi. An mayar da shi kamar gishiri, har a MiG-15 ana cewa a sa, alhali mazauninsa toka ne. Mai son gina MiG-17 irin wanda Nijeriya ta yi amfani da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko MiG-21 da suka zo a tsakiyar shekarun 1970, hotuna ne madogararsa. Hoton kuwa fim ɗin da aka ɗauka da shi da shekarun da ya yi a ajiye sun riga sun karkatar da launinsa, allon waya ya ƙara nasa. Jirgin gidan tarihi ma ba shaida ba ne, galibi an sake masa fenti da abin da ya samu.

Duk wannan a kan 'yar kwalba mai mililita 10 ko 17, wadda a nan sai an yi odarta daga waje, a biya kuɗin aike da ya kan fi na fentin, a jira makonni. Mai ƙarfin tina ma sau da yawa ba a yarda a ɗauko shi a jirgi don yana kama wuta. Ta iso ba daidai ba, wa za ka mayar wa?

Tunda sun bar mana aikinsu, kada fenti ya taɓa jirgi sai an gwada shi. A jefa ƙaramar ƙwallon ƙarfe da ba ta tsatsa a kwalbar a girgiza minti 2 cur, a kuma motsa gindin da tsinke, don garin launin yana kwantawa, musamman rawayan da ke cikin kore, kuma kore da bai motsu ba shuɗi-shuɗi yake fitowa. Wannan kam laifin mai gini ne, ba na kamfani ba. A samo cokulan roba, a fesa musu fentin shimfiɗa irin wanda za a sa wa jirgin, domin launi ɗaya a kan baƙar shimfiɗa da fara fuska biyu yake nunawa. A tsinka da tinar da ta dace da shi, ɗaya bisa ɗaya, a auna da sirinji. Bakin abin feshi milimita 0.3, ƙarfin iska tsakanin 15 da 18 a ma'aunin psi, shafi uku marasa kauri. A rubuta lamba a mariƙin cokalin, a bar shi awa 24. Sannan a rufe rabinsa da banish ɗin da za a gama aikin da shi, don mai sheƙi yana ƙara duhu, marar sheƙi yana dusasar da launi. Gwaji a inuwa ake yi da hantsi kusa da taga, a jera da katin launi na gaske, wanda aka fesa, ba wanda injin buga takarda ya fitar ba. Ƙarƙashin ƙwan lantarki launuka biyu kan yi kama, a fito rana su rabu. Koren Biyetnam biyun nan kuma a cokali ɗaya ake fesa su gefe da gefe, tazararsu ake dubawa.

In kore ya yi duhu, kada a gyara da fari zalla, alli yake mayar da shi. Ɗigon ruwan ƙasa ko rawaya mai dushi ya fi, ɗigo ɗaya cikin goma, a sake gwadawa. In ya yi shar da yawa, ɗan ja kaɗan ko ruwan ƙasa yana kashe kaifinsa. Ruwan ƙasan da ja ya rinjaya ɗigon kore ke daidaita shi. A rubuta adadin ɗigon, a haɗa wanda zai ishi jirgin gaba ɗaya a karo guda, har da na gyaran inda tef zai ɗago. Da hunturu ko bazara fenti mai ruwa yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya yi garas-garas ya ƙara haske, sai a zargi kwalba a banza. Maganinsa ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan jinkirta bushewa, a matso da bakin feshin zuwa santimita 5 ko 6.

Kuma ko ka gama wannan wahala, kada ka saki jiki da kwalba ta biyu mai suna ɗaya daga kamfani ɗaya. Zubin bana kan saɓa da na bara, ba kuwa kowa ke buga lambar zubi a jiki ba. Ita ma sai ta hau cokali.