A daina ɗora wa uwa laifin kurumta

Tun farkon 2024, da labari ya zo cewa likitoci a Shanghai sun yi wa yara shida da aka haifa kurame allurar gyaran ƙwayar gado a cikin kunne, biyar suka fara ji, wata magana ta samu gindin zama a Yamai. A fada, a WhatsApp, har a bakin masu boko: wai kimiyya ta gama magana, auren zumunci ne ke kawo kurame. Kafin a shanye shayin farko yatsa ya koma kan mace. Abin ya ishe ni.

A unguwarmu akwai wadda ta auri ɗan gwaggonta. Ƴaƴansu huɗu, biyu ba sa ji. Ina gidan ranar da ta lallaɓa bayan na ƙarshen yana zaune a tabarma, ta buga murfin tukunya da cokali. Yaron bai ko waiwaya ba. Uwar mijin ta ce, "Ke dai cikinki ne." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, Allah ne ya ba ni." Yanzu ana nema wa mijin ta biyu, kuma a cikin dangin nan dai ake dubawa.

Da masu jingina da kimiyya sun san aikin Christine Petit, da sun ji kunya. Wannan Bafaranshiya ta Cibiyar Pasteur da ke Paris ta yi shekaru tana bin diddigin kurumtar gado, a lokacin da ake ganin abin ya fi ƙarfin bincike, tunda ƙwayoyin da ke haddasa ta sun yi yawa (waɗanda aka gano zuwa yau sun haura 100). Dabararta ita ce ta nemi manyan dangi masu aure a junansu, irin namu sak. Da iyalan Tunisiya ayarinta ya gano a 1994 wurin da ɗaya daga cikin ƙwayoyin take. A 1995 suka gano wadda ke haɗa kurumta da makanta a ciwon Usher. A 1999, da iyalan Labanon, suka gano ƙwayar OTOF: in ta samu tangarɗa, kunne yana kama sauti lafiya, amma saƙon ba ya tsallakawa zuwa jijiya. Ita ce wadda aka gyara wa yaran Shanghai shekara 25 bayan haka.

Abin da irin wannan aiki ya nuna a fili yake. A mafi yawan kurumtar gado, sai yaro ya ɗauko ƙwaya mai tangarɗa daga uba, ya ɗauko irinta daga uwa, sannan ya kurumce. Iyayen biyu suna ji garau. Kowane ciki, damar ɗaya ce cikin huɗu. In gado ne, rabin abin daga ɗan Gwaggo ya fito, kuma amaryar da ake nema masa a dangi tana iya zuwa da irin kayan. Wa ya gaya wa Gwaggo haka? Babu. An bar ta da zargi, an bar surukarta da kuka.

Ban musanta ba, auren zumunci yana ƙara haɗarin. Amma masu cewa a hana shi baki ɗaya, da wane alƙalumma suke magana a kan Nijar? Ambroise Wonkam, masanin gado ɗan Kamaru, ya nuna cewa ƙwayar connexin 26, wadda ita ce kan gaba wajen kurumtar Turawa, da wuya ake samunta a kuramen Kamaru da Afirka ta Kudu. A Gana kuwa wani nau'inta ya yi yawa, musamman a ƙauyen Adamorobe. Maƙwabta ma sun sha bamban, balle a kwaso sakamakon Paris a yanke wa unguwar Bukoki hukunci da shi. Mu da muke tsakiyar ƙasar sankarau, wanda ya yi mana ɓarna a Yamai a 2015, yara nawa ne aka haifa suna ji, zazzaɓi ya tafi da kunnuwansu? Nawa ne ƙyanda ta kurumtar, ko kunne mai ruwa da aka bari, ko allura mai ƙarfi da aka saya a bakin titi? Duk an tattara an ce gado ne, don gado ya fi sauƙin ɗora wa wani.

Masu cewa ƙaddara ce a bar zancen, su ma in ɗansu ne asibiti suke nufa.

Muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES, muna da Jami'ar Abdou Moumouni, muna da dangin da ke iya lissafa kakanni bakwai a zaune. A gwada jin jarirai tun a ɗakin haihuwa. A bi gidajen da kurame suka yi yawa, da yardarsu, a bincika, a kuma dawo a faɗa musu abin da aka gani da Hausa da Zabarmanci, miji da uwar miji suna zaune. Yaran maƙwabciyata biyu sun ƙirƙiro maganar hannu tsakaninsu, da ita suke faɗa da ita suke shiri, kuma har yau ba wanda ya taɓa duba kunnensu da na'ura.