Fina-finan yaƙin Amurka na da: wanda ya ba da tankar yaƙi shi ke da labarin

Ni dai ra'ayina a kan tsofaffin fina-finan yaƙin nan na Amurka, waɗanda aka yi daga 1945 zuwa wajen 1960, shi ne kafin mutum ya yaba ko ya kushe ya fara tambaya tukun, wa ya ba su tankoki da jirage da sojojin da suka cika fim ɗin? Saboda rundunar sojan Amurka ba ta ba da kayanta haka kawai, sai ta karanta labarin ta ga ya yi mata, in bai yi ba kuma ta ce a gyara ko ta janye hannunta.

Ku duba Sands of Iwo Jima na 1949, sojojin ruwa na Marines su suka tsaya masa, har wasu daga cikin waɗanda suka je ainihin yaƙin tsibirin sun fito a ciki, John Wayne kuwa ya fito a sajan mai zafi wanda ba ya tsoron harsashi, alhali shi kansa bai taɓa shiga soja ba. Fim ne mai daɗin kallo ba musu, amma matashin da ya kalla zai tashi yana ganin yaƙi wajen zama namiji ne kawai.

To sai ka koma kan darakta Samuel Fuller, wannan shi ya yi yaƙin duniya na biyu da ƙafarsa, tun daga arewacin Afirka har Turai. A 1951 ana tsaka da yaƙin Koriya ya fitar da The Steel Helmet da ɗan kuɗi kaɗan cikin kwana goma, kuma a ciki ne za ka ga sojan Amurka ya bindige fursunan yaƙi, ka ji ana tambayar baƙar fata me ya sa yake yi wa ƙasar da ke tura shi kujerar baya a bas yaƙi. Wallahi wannan tambayar kaɗai ta fi min duk ƙarar bama-baman wancan fim ɗin nauyi, kuma hukumomin soja ba su ji daɗinsa ba sam. Haka Attack na Robert Aldrich a 1956, don ya nuna kyaftin matsoraci da ke jawo a kashe yaransa, sai aka hana shi taimako gaba ɗaya.

Wasu za su ce ai fim nishaɗi ne, kuma ƙasar da ta rasa mutum sama da 400,000 a yaƙin duniya na biyu tana da haƙƙin karrama matattunta. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma karramawa ba ta hana faɗin gaskiya, darakta John Huston ya gama wani fim a 1946 da ya nuna sojojin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa suna kwance a asibiti, soja suka kulle fim ɗin sama da shekara 30, su waɗannan ba sojoji ba ne?

Abin ma ya shafe mu kai tsaye. Objective, Burma! na 1945 ya nuna kamar Amurkawa ne suka ci yaƙin Burma, har Ingila ta fusata aka cire shi daga silima. Su Turawan Ingila sun samu bakin magana, kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Ingila da aka kwasa daga Kano da Zariya da Sakkwato suka shiga wannan dajin kuwa, ko a fim ɗin ko a rigimar da ta biyo baya babu wanda ya ambace su.