Ɗigon mai ɗaya ne, eh. To sai me?

Wai asarar kuɗi. Wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta rasa abin yi sai ƙona ɗigon mai a sararin samaniya tana ɗaukar hoto. Wani bawan Allah ne jiya yake faɗin haka yana ƙyaƙyata dariya, jama'a na taya shi. Sannu malam masani, Allah ya ƙara basira.

Wutar da ka sani ba ita ce a can ba. A nan ƙasa iska mai zafi tashi take sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa da sabon oksijin, shi ya sa harshen kyandir yake tsini. A tashar sararin samaniya babu nauyi, babu sama babu ƙasa, zafi ba shi da inda zai tashi. Sai wutar ta dunƙule kamar ƙwallo, shuɗiya, dishi-dishi, tana ci a hankali. Hayaƙi ma ba ya tashi, don haka a bakin hanyoyin iska ake saka na'urar jin hayaƙi, kuma in gobara ta kama, kashe fankoki na cikin matakan farko.

A gwajin wuta na NASA mai suna FLEX da aka fara a tashar a 2009, masu binciken sun riƙa kunna ɗigon wasu nau'o'in mai, heftan da mitanol. Sai suka ga abin mamaki: wutar ɗigon heftan ta mutu, ido ba ya ganin komai, amma ɗigon yana ta raguwa da sauri. Ashe ci take! Wutar ƙaiƙayi ke nan, zafinta bai wuce kimanin digiri 500 ba, kuma abin da take fitarwa har da iskar kabon monoksaid mai guba, a cikin tashar da take kamar gwangwani, ba a buɗe mata taga. Ka kashe wuta, ka ce alhamdulillahi, ita kuwa tana nan. Wannan ne asarar kuɗin?

Kar wanda ya ce min ai a yi gwajin a ƙasa. An yi. Ramin da NASA ke sakin kayan gwaji su faɗa a jihar Ohayo ta Amurka daƙiƙa 5 da ɗoriya kawai yake bayarwa na rashin nauyi. Me za ka gani kafin ƙiftawa da bismilla? Masu cewa ai babu iska a can balle wuta, to 'yan sama jannatin me suke shaƙa?

Tsakani da Allah, abin ba na dariya ba ne. A Fabrairun 1997 gwangwanin samar da oksijin ya kama da wuta a tashar Mir ta Rasha, mutum 6 na ciki. Hayaƙi ya turnuƙe, wutar ta tare hanyar ɗaya daga cikin kumbon Soyuz biyu da za su tsere da su. Babu 'yan kwana-kwana, babu maƙwabci mai bokiti, babu ƙofar da za ka fita da gudu. Mutanen nan suna da iyali a ƙasa. Wanda zai kwana a irin wannan wuri yana da haƙƙin ya san ko wutar da ya kashe ta mutu da gaske, kuma a ɗigo ɗaya ake fara sanin hakan.

Ni abin da ma ya tsaya min a rai, ashe rawayar nan ta harshen kyandir ƙwayoyin baƙin hayaƙi ne da suka yi zafi har suke haske. Daren jiya na kunna ɗaya ina ta kallo, har sai da kakin ya ɗiga min a yatsa.