Kada a Binne Tsohon Gini a Ƙarƙashin Tayil da Silin

A bakin tashar jiragen ruwa ta Cape Town, a Afirka ta Kudu, akwai wani katafaren rumbun hatsi da aka gina farkon shekarun 1920. Da ya daina aiki ba a rushe shi ba. A 2017 aka buɗe shi a matsayin gidan baje fasahar Afirka ta zamani, Zeitz MOCAA. Mai tsara aikin, Thomas Heatherwick ɗan Ingila, ya tarar da dogayen rumbunan kankare 42 manne da juna, ba inda mutum zai tsaya ya ɗaga kai. Sai ya sa aka fafe tsakiyarsu kamar ƙwarya, ramin ya fita da siffar ƙwayar masara, aka bar bakin yankan a fili. Kana shiga ka san hatsi ya taɓa kwana a wurin.

Wannan ne abin da ke kuɓuce mana. Na taɓa shiga wani tsohon soro da aka mai da ɗakin baje zane, raina ya ɓaci. An rufe azara da farin silin, an yaɓe bangon ƙasa da siminti, an malala tayil mai santsi. Bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, wanda magini ya ɗaure da hannunsa, ya ɓace a sama. Damina biyu kacal, bangon ya fara kumburi yana ɓarewa, domin ginin ƙasa numfashi yake yi, siminti kuwa yana kulle danshi a ciki har tubali ya ruɓe. Sanyin da soro ke bayarwa kyauta a watan Afrilu ma ya tafi, sai ƙarar janareta.

Za a ce mai zane na bukatar bango fari da haske mai kyau. Gaskiya ne, amma ba sai an taɓa ginin ba. A kafa allunan katako masu tayoyi, a rataya zanen a kansu, gobe a ture su gefe 'yan wasan kwaikwayo su samu fili. Wayar lantarki a bi da ita a bututu ta saman bango, kada a fasa. Wurin aikin masu zane a ba shi tagar arewa ko ta kudu, inda rana ba ta faɗowa kai tsaye kamar gabas da yamma. Marina da masu ginin tukwane kuma ruwa suke so, da magudana, da daɓen da ba ya tsoron baba ko laka.

Wanda ke shakkar cewa tsohon gini shi kansa abin kallo ne ya je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer, Baturen ilimi na zamanin mulkin mallaka, ya zauna. Kafin baƙo ya dubi kayan tarihin da ke ciki, rufin ne ke fara ɗauke masa ido.

Ni hankalina ya fi karkata ga masaƙun Kakuri da suka daina aiki a Kaduna, inda Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Zaurukan nan masu faɗi da tsayi sun isa ɗaukar ɗakin fim, wurin rini da dandalin waƙa a lokaci guda. Duk wanda zai gyara ɗaya daga cikinsu, ina roƙonsa ya bar injin saƙa ko guda ɗaya a tsakiyar zauren, a daidai inda ma'aikata suka bar shi.